Tsohon da Ya Ƙi Mutuwa

Editan ya juya shafi, ya ɗaga tabarau zuwa goshi, ya dubi Sista.

"Wannan tsohon telan naki, wai me zai kashe shi?"

Sista ta gyara zama a kan kujerar roba. Daga asibiti ta taho a lokacin hutun rana, farar rigar aiki na leƙowa ta ƙarƙashin mayafi. Ofishin ɗan ƙarami ne, littattafan da ba a sayar ba an jibge su har bakin taga. Littafinta na farko ke nan, kuma duk inda ta kai shi, wannan kamfanin ne kaɗai ya kira ta.

"Malam, ai ciwon nasa yana jin magani."

"Na gani. Ya faɗi a shago, kika sa masa ruwa ya tashi. Numfashi ya sarƙe masa, sai ga likita ya biyo ta ƙofar gida, ba wanda ya kira shi. Ni dai in ciwo ya kama ni, a cikin littafinki nake so a kwantar da ni."

Ta yi dariya tana rufe baki. Ya jira ta gama, sannan ya ajiye alƙalami.

"Saurara, 'yata. Tun shafin farko kin nuna mana 'ya'yansa ba sa shiri, shi kaɗai ne ya riƙe gidan. Mai karatu jira yake ya ga yadda za su yi in babu shi. Hannunki yana da kyau, hirar mutanenki kamar a tsakar gida. Amma jibi masu kamfani za su zauna su zaɓi littattafan bana, kuma in tsohon nan bai tafi ba, ba zan iya kai naki gabansu ba."

"To yaya zan bar mutum ya mutu ina kallo?"

"A wurin aiki ba ku taɓa rasa kowa ba?"

Ta tattara takardunta ta yi godiya.

A cikin bas ta gwada rubuta mutuwar tsohon a bayan shafin ƙarshe. Ta rubuta cewa ya yi murmushi ya rufe ido, ta soke. Ta sa ya tara 'ya'yansa ya yi musu doguwar wasiyya, ta soke wannan ma, don ba ta taɓa ganin mai irin ciwonsa da numfashin yin dogon jawabi ba.

Tana shiga ɗakin marasa lafiya, babbar nas ta tare ta.

"Marubuciya! An karɓa?"

"Anti, wai sai na kashe mutum."

"To ki bari sai kin tashi daga aiki, ba a ɗakina ba." Sai ta sassauta murya. "Dattijuwar nan ta kusa da taga ta cika bayan fitarki. 'Yarta na nan, ki taya ta haɗa kaya."

Sista ta je ta yi wa 'yar marigayiyar gaisuwa, ta naɗe zanin gado, ta zuba kofi da cajar waya da ragowar magani a leda. Matar ba ta kuka. Ta sunkuya ta ɗauko silifas daga ƙarƙashin gado, ta tsaya riƙe da su. A baranda 'yan'uwanta maza biyu suna ta musu kan motar wa za a shiga.

"Sista, waɗannan fa? A leda zan sa su ko a hannu zan riƙe?"

"Riƙe su a hannu, Yaya."

Da suka tafi, ta zauna a teburin nas, ta jawo takardar. Ba ta rubuta yadda tsohon ya cika ba. Ta fara daga inda babbar 'yarsa ta shiga shago ta tarar da rigar wani a kan keken ɗinki, hannu ɗaya ba a ɗinka ba, allura na tsaye a tsakiyar ɗinki. Wannan karon ba ta soke ba.

Wani ya yi tari mai sarƙewa daga ƙarshen ɗaki. Ta kife takardar ta tashi da gudu.