Tafsirin Baba Ya Dawo Gida

Ni na sa wa kwamfutar Baba sabuwar Windows, ni kuma na danna inda bai kamata ba. Da ta tashi fes, na duba, sai na ga tafsirin azumi na shekara tara da Baba ya yi a masallacinmu na Damri duk ya goge.

Yayana Gajere ya riƙe baki. "Taiba, ban ce a kai ta Mafara wurin masu gyara ba? Ga abin da taurin kai ya ja."

Na zura hijabi na bi gari, don babu wayar da ba a tura wa tafsirin nan ba. Inna Hadizatu ta kwance memori daga haɓar zanenta. Mai shayi ya ba da na shekara biyu. Wani direban Bakura ya ciro filashin motarsa.

Kafin Juma'a na haɗa tara cif, har da na goma, wanda aka ɗauka tun ba mu sayi kwamfutar ba.

Na kunna, muryar Baba ta cika zaure. Na ce, "Yaya, a Mafara za su ba ka na goman?"