Ƙarfen Mba Wumpini

Ni ce Maltiti, mai wake da shinkafa a bakin titi a unguwar Choggu. Shekara shida na yi ina shugabar mata a cocinmu, Ƙofar Alheri. Ƙaramin coci ne, kuma ba reshen kowa ba ne. Ba Bature da ya kawo mana shi, ba mu da wani babba a Accra.

Mba Wumpini, wato Baba Wumpini a yarenmu, shi ne ya fara shi, shekara arba'in ke nan. Lokacin direba ne, yana ɗauko doya daga Salaga. Wata rana motar ta kife da shi, tayar baya ta danne masa ƙirji tun safe har rana ta take, kafin manoma su zo su ɗaga. Yana kwance a wurin ya yi wa Allah alkawari. Da ya warke sai ya koma ya kwance ƙarfen tayar, ya kawo Choggu, ya rataya a bishiyar darbejiya. Lokacin nan duk gonaki ne. Ranar Lahadi ya buga ƙarfen, mutum tara suka zo, har da uwata. 'Yan ƙabilar Dagomba ne da Farafara da Kusasi, masu gadi da leburori, shi ya sa da Hausa ake wa'azi, ita ce kowa ke ji. Babu mai agogo a cikinsu. In ka ji ƙarfe, ka ajiye abin da kake yi ka taho.

Daga gindin bishiya aka yi ɗakin laka, daga laka aka yi na bulo. Da aka sayi lasifika, aka sare bishiyar don a ƙara gini, sai aka jefa ƙarfen bayan ban-ɗaki. Ruwa ya dake shi, ciyawa ta rufe shi.

Shekara tara da suka wuce damina ta rushe mini murhun laka, ga tukunyata babba ce. Ina shara a bayan coci na gan shi. Ba zan ce ban san ko mene ne ba. Na sani sarai, da ƙararsa na girma. Na dai ce wa kaina ai yasasshe ne. Na sa a motokin, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, na kai wa Fuseini mai walda a unguwar Tishigu, ya sa masa ƙafa uku, ya yanka ƙofar iska. Murhun da ban taɓa samun irinsa ba. Da shi na ciyar da yara huɗu.

Sai ga bikin shekara arba'in. Fasto Suhuyini, matashin da ke riƙe da cocin yanzu, ya tara mu dattawa ya ce mana ya je ya ga Mba Wumpini. Tsohon ya makance, ba ya fita sosai.

"Abu ɗaya ya roƙa," in ji Fasto. "Ya ce ba ya son zane, ba ya son akuya. A nemo ƙarfensa, ya buga da hannunsa kafin ya mutu. Mma Maltiti, ba wanda ya kai ki sanin lungun gidan nan. Kin taɓa ganinsa?"

Na ce, "Zan duba."

Da safe na wuce Tishigu. Fuseini yana ganina ya ɗaga gilashin walda.

"A'a, Mma Fasto! Yau wa za a yi wa wa'azi?"

"Bar wasa. Murhun nan da ka yi mini, za ka iya mayar da shi yadda yake da?"

"Ƙafafun zan iya cirewa. Muryar kam ta tafi. Shekara tara yana cin wuta, ga yanka a ciki. In kin buga, kamar kin bugi buhun gari."

Na gaya masa komai. Ya sosa gemu.

"Ki faɗa wa tsohon mana."

"Ni shugabar mata? In ce na saci kayan coci na dafa wake?"

"To me kike so?"

"Wani irinsa. Tsoho, mai tsatsa."

"Ke da kike zagina kullum kan ƙaryar gobe-gobe da nake wa kwastoma! Zan ba ki ƙarfe, Mma, don sana'ata ce. Amma in an tambaye ni, daga bolata ya fito."

Ya tono wani daga tarin ƙarafa, na tsohuwar babbar mota. Ya buga, ya yi ƙara mai daɗi. Na kai wa Fasto na ce a cikin ciyawa na same shi.

Ranar Lahadi coci ya cika har waje. An rataya ƙarfen a bakin ƙofa. Aka riƙo Mba Wumpini, aka sa masa guduma a hannu. Ni a raina na ce zai gane. Har ina so ya gane, a gama. Ya buga sau ɗaya, ƙarar ta tafi har titi. Sai ya saki gudumar, ya rungume ƙarfen, yana kuka. Ya shafa ya shafa har ya sami wata lotsawa a gefe.

"Ga wurin," ya ce. "Nan ne ya danne ni. 'Ya'yana, wannan ƙarfen ya ji alkawarin da na yi wa Allah. Shi ne shaidata."

Mutane suka yi layi suna taɓawa. Wata mata ta ɗaga jaririnta mai zazzaɓi ta manna hannunsa a jiki. Fasto ya kira sunana, aka yi tafi, mata suka yafa mini sabon zane. Na tsaya ina murmushi.

Litinin na hura wuta, na kasa kallon murhun. Waken ya kama, na zubar da rabi. Talata ban fita sana'a ba, na tafi unguwar Gumbihini, gidan 'yar Mba Wumpini inda yake zaune. Yana kan tabarma a inuwa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Maltiti ce? 'Yata mai ido! Ina yara? Zo kusa in sa miki albarka."

"Mba, kada ka sa. Ƙarfen nan ba naka ba ne."

Na faɗa masa tun daga bayan ban-ɗaki har bolar Fuseini. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni:

"Lotsawar fa?"

"Ban sani ba, Mba. Haka na same shi."

"Ɗaukar da kika yi, mu muka yar, mu ma da laifinmu. In da kin zo kin ce kin dafa wa yara abinci da shi, da faɗa zan yi miki, ya wuce. Amma kin tsaya kina kallo na rantse a kan ƙarya gaban mutanen Allah. Shekara arba'in ban gaya musu abin da ba haka ba. Kin bar mace ta kawo ɗanta."

"Ka yafe mini, Mba."

"Yafewa dole ce a kaina. Gyara kuma dole ne a kanki. Lahadi ki kawo murhun coci."

Fasto bai so ba. Ya ce hotuna sun riga sun shiga waya, a bari ya lafa. Tsohon ya ce in ba a bar shi ya yi magana a ciki ba, zai yi a titi.

Na kawo murhun a motokin, da ƙafafunsa uku da baƙin hayaƙi, na ajiye gaban bagadi. Mba Wumpini ya tsaya ya ce makon jiya ya faɗi abin da ba gaskiya ba, yana neman gafara. Bai kira sunana ba. Ni na tashi na kira kaina, na faɗi sauran. Matar mai jariri tana layi na biyu, ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. Aka ba tsohon guduma ya buga. Ƙaf. Ko na layin baya ba su ji ba. Ya sa hannu ya shafa, hannun ya yi baƙi, ya ce a kai shi gida, shi da ƙarfensa.

Na ajiye shugabancin mata a ranar, ba wanda ya ce in tsaya. Na koma murhun laka. Duk Asabar ina zuwa Gumbihini in gaishe shi. Yana amsawa, yana ce mini sannu da zuwa. Har yau bai sake tambayata yara ba.