Abin da Ruslan Bai Yi Ba

Duk ɗaliban da na koyar da Turanci a Omdurman kafin yaƙi ya koro mu Alƙahira, babu mai taurin kai irin Zarema. 'Yar Dagestan ce, maƙwabciyata a nan Alƙahira, a unguwar Hay el-Sabi', bene ɗaya muke. Rashanci ne a bakinta, sai ɗan Larabcin littafi da ko mai tumatir ba ya ganewa.

Turancin ma don mijinta Ruslan take koyo. Fasfonsa ya ƙare, yana tsoron in ya koma gida a tura shi fagen daga, sai ya bi ta Libiya zai hau kwalekwale zuwa Italiya. In ya samu wurin zama zai aiko mata ita da jaririnsu. Ban so tafiyar ba, kuma na faɗa masa a fuskarsa.

Inda muka fi kai ruwa rana da ita shi ne "make" da "do". A Rashanci kalma ɗaya ce, kamar yadda "yi" ta wadatar da mu a Hausa. Zarema sai ta yi "do" ɗin shayi, ta yi "make" ɗin wanki. Na yi faɗa har na gaji. Da ta fara kamawa kuwa, sai ta zama alƙaliya, har masu magana a talabijin take yi wa gyara.

Ran nan da hantsi ta faɗo ɗakina ko sallama babu, yaro a kafaɗa, tana haki tana murmushi. Tun da Ruslan ya ce sun kusa tashi ba ta sake jin ɗuriyarsa ba, duk ta rame.

"Ustaza Awadiyya, an kira ni!" in ji ta. "Wani ɗan Gambiya ne, abokin tafiyarsa, daga Italiya. Layin ba kyau, amma na riƙe jimla ɗaya. Tun daga ƙofata nake maimaita ta kar ta gudu."

Ta gyara tsayuwa kamar mai ba da hadda.

"He didn't make it."

Na san jimlar nan. Da ita aka sanar da ni rasuwar ƙanena Munzir, a bakin wata ma'aikaciyar agaji.

"Kin gani?" Zarema ta ci gaba. "Bai yi ba. Bai yi tafiyar ba ke nan, yana Libiya. Khalas, magana ta ƙare, zai dawo! Na ma jiƙa rigunansa." Ta ɗaga yatsa, irin yadda nake yi mata. "Amma mutumin ya yi kuskure, ko? Tafiya ba shayi ba ce. 'Do' ya kamata ya ce."

Wallahi na so in ce mata e. Ta samu ko da yini ɗaya, ta shanya rigunan, ta ci abinci. Amma ɗan Gambiyan zai sake kira, kuma za ta ji shi ita kaɗai a ɗaki. Na tsani harshen nan a lokacin, na tsani ranar da na koye shi.

"Miƙo min yaron tukuna," na ce.

Ta miƙo shi tana dariya. Na rungume shi sosai, na ja mata kujera da ƙafata.

"Zauna, ƙanwata. Bai yi kuskure ba. Turancinsa daidai ne."