Sunan da Malama Hajjo Ba Ta Faɗa

Shekarar zaɓen tamanin da uku, lokacin da sabulu ma sai an yi layi, hedimasta ya ɗora wa Malama Hajjo wani aiki. Duk safiyar Alhamis ta tara 'yan aji shida ta yi musu faɗa a kan ƙwaya da bangar siyasa. Kai, hedimastan nan bai da tunani. A duk malaman Bodinga ya rasa wa zai zaɓa sai matar da ba ta daɗe da rasa ɗa ba.

Maniru ɗanta ne na fari. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Sifawa, kamar yadda aka saba. Hajjo ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a gaban mutane ko a ɗaki. In ta kama dole, sai ta ce “yaron Inna”. Ya zo gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya. Da ya fara zuwa da jajayen idanu yana sosa wuya, ta gani sarai, ta gaya wa kakar, kakar ta ce rana ce. Ranar kasuwar Shagari aka kwashe shi da sauran 'yan banga a akori-kura, an ɗura musu ƙwayar da ke hana jin zafin sara. A tabarma aka dawo da gawarsa, yana ɗan shekara goma sha tara. Wurin zaman makoki ba ta zubar da hawaye ba, mata suna ta yaba kawaicinta, ita kuwa yabon nan ya fi mutuwar ci mata rai.

To, ta shiga aji ta yi abin da aka sa ta. Ta zana ƙwaya a allo, ta ce tana lalata hankali, yara suka maimaita da waƙa kamar karatun lissafi. Ana tashi sai su fita fili suna wasan banga da karan dawa, wani ya faɗi ya yi mushe, sauran su yi ta dariya.

Mode ne ba ya dariya. Ɗan mai albasa ne, dogo, ya girme wa ajin. Kwanan nan barci yake a benci, in ya farka ya yi ta sosa wuya. Duk sanda ya kai hannu wuyan nan sai Hajjo ta manta inda ta tsaya. Har ta daina duban layin baya, don wani lokaci ba Mode take gani a wurin ba. Tsoro take ji, tsoro na gaske.

Wata Alhamis ta tarar bencinsa ba kowa.

“Ina Mode?”

Wata ɗaliba, Kande, ta ce, “Malama, yana tasha. Yau za su Kajiji, an ce har adda anka ba shi.”

Ta ajiye alli, ta yafa mayafi, ta ce, “Ku taso.” Ba ta nemi izinin kowa ba. Haka ta ratsa gari da rana tsaka, yara na biye da ita, teloli na leƙowa.

An riga an tayar da motar 'yan bangar. Samari cike a baya, ana buga ganga, Mode na tsakiyarsu da jan ƙyalle a ka. Ya ba ta baya, yana sosa wuya. Ta buɗe baki ta kira shi, abin da ya fito ke nan:

“Maniru! Sauko.”

Mai ganga ya tsaya. Babu wanda bai san sunan ba a motar nan, da su aka tafi Shagari, wasunsu ma su suka ɗauko tabarmar. Wata tsohuwa mai fura ta riƙe baki ta ce, “Hajjo, ɗan fari kika ambata? Cikin tasha?”

“Shi na ambata, Inna. Maniru, ɗana. Wagga mota ta ɗauke shi ina kallo ban ce komi ba.” Hawaye na zuba, ba ta share ba. Ta juya ga yaran aji. “Ku dube ta da kyau. Ba wasan kara na ba.”

Ba yaron da ya motsa. Jagoran samarin ya dubi ƙasa, sannan ya zare addar daga hannun Mode, ya tura shi da gwiwa. Yaron ya diro, ya tsaya gabanta yana layi.

“Malama, ni Mode na.”

“Na sani.”

Ta kama hannunsa. Motar ta tafi da sauran, 'ya'yan wasu matan. Har suka kai ƙofar makaranta bakinta bai daina motsi ba, tana ta kira a hankali, kiran shekara goma sha tara da babu mai amsawa.