Muryar Anti Almakashi

Ta sake farke hannun kwat ɗin da reza, ta karkaɗe guntayen zare daga cinyarta, sannan ta jawo waya ta danna saƙon muryar da ta riga ta haddace. Da farko ƙugin tsohuwar fanka, sai gyaran murya, sai ɗan tari.

"To 'yan albarka, a ajiye almakashi a saurara."

"Kin sake kunna baiwar Allahn nan?" in ji Inna, mahaifiyarta, daga kan bencin da take zama tana tsince mata zare. "Tana raye kin hana ta sakat da tambaya, ta mutu ma ba za ki bar ta ta huta ba?"

Ta dai ƙara sautin wayar. Ita fa ko fuskar matar ba ta taɓa gani ba. Hoton da ke kan lambarta almakashi ne mai baƙin mariƙi, shi ya sa kowa a guruf ɗinsu na waya yake ce mata Anti Almakashi. Teloli ne suka haɗu a waya, kowa daga inda Allah Ya ajiye shi, babu aji babu takardar shaida. Wannan ya turo bidiyon da ya tsinto a intanet, wancan ya ɗauki hoton rigar da ya ɓata, a taru a yi masa dariya har da hawaye, sannan a nuna masa gyara. Doka ɗaya Anti ta kafa: duk wanda ya koyi abu, sai ya koya wa wani kafin ya sake tambaya. Kowa ya bi, ban da ita 'yar Inna. Wajen tambaya kamar an aiko ta, wajen amsa kuwa kullum datarta ta ƙare. Anti ta laƙaba mata Uwar Tambaya, sunan ya biyo ta har shago.

Wata safiya 'yar Anti ta shigo da lambar uwarta ta sanar da rasuwar. Aka yi addu'o'i, aka yi ta'aziyya, daga nan guruf ya yi tsit kamar gidan da aka tashi.

Saƙon muryar Anti da ta kunna ya kai ƙarshe. Duka a kan ɗinkin kwalar kwat yake, sai jimlar rufewa: "Gobe in Allah Ya kai mu za mu ɗora wa kwat hannu. Uwar Tambaya, ke za ki fara gwadawa ki faɗa mana, na gaji da kurumcinki." Goben nan ba ta zo ba.

Wayar ta yi ƙara. Dogo ne, telan da ragamar guruf ta koma hannunsa. Ya rubuta: "'Yan'uwa, wurin nan ya zama kufai. Idan babu mai magana, da yamma zan rufe, kowa ya kama gabansa." Sunayen waɗanda suka karanta suka yi ta jeruwa. Babu wanda ya ce uffan.

Ta kifa wayar ta koma kan kwat. Hannun ya fi ramin hammatar faɗi, duk yadda ta ɗora sai kafaɗa ta tattare kamar fuskar mai fushi. Ta buɗe bidiyon wani tsohon tela mai magana da yaren da ba ta ji, ta rage masa gudu, ta zuba wa yatsunsa ido. Ashe kafin ya ɗora, sai ya bi kan hannun da dogon ɗinki ya ɗan ja zaren. Nan ta tuna wata maganar Anti ta tuntuni, a kan wuyan riga: yadi ba a yi masa dole, lallashinsa ake yi da tururi. Ta ja zaren a hankali, ta sa dutsen guga da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta kama da fil, ta hau keken ɗinki. Da ta rataye kwat ɗin, kafaɗar ta kwanta lumui.

Hannunta ya kai ga waya don ta nuna wa Anti, sannan ta tuna Anti ta rasu. Ta dai ɗauki wayar.

A guruf akwai sabon saƙo daga baƙuwar lamba, muryar wata matashiya. "Salamu alaikum. Wata ce ta turo mini darussan Anti, ta sa ni a nan. Don Allah Anti, na kai wurin ɗora hannu, na rasa ci gaban."

Aka karanta. Ta ga Dogo ya fara rubutu, ya fasa.

Inna ta fita alwala. Rana ta karkata, inuwar kwat ɗin ta miƙe a bango, kafaɗu biyu babu kai. Uwar Tambaya ta danna alamar ɗaukar murya, ta saki. Ta sake dannawa, ta yi magana har ta gama, ta tura kafin zuciyarta ta hana ta. Sannan ta kunna don ta ji abin da ta faɗa.

Ƙugin fanka. Gyaran murya. "To 'yan albarka, a ajiye almakashi a saurara."

Ba ta san ta faɗi haka ba.

"Haba 'yar nan," in ji Inna daga bakin ƙofa, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta. "Na ce ki bar matar nan ta kwanta."

"Inna, ni ce."

Inna ta tsaya ta dube ta, ta dubi fankar shagon da ke juyawa a sama, ta shimfiɗa sallaya ta tayar da salla.

Kafin ta idar, Dogo ya goge sanarwarsa. Can da daddare sai ga muryar matashiyar cike da murna: "Wallahi ya zauna! Allah Ya saka da alheri, Anti. Ina da wata tambayar kuma."

Uwar Tambaya ta daɗe tana kallon almakashi mai baƙin mariƙi, wanda har yanzu yake cikin jerin 'yan guruf. Ta danna alamar ɗaukar murya.

"Ƙanwata, Anti ta rasu, ki sa ta a addu'a. Tambayar kuma riƙe ta tukuna. Wa kika koya wa?"