Ƙorafin Baba Andrew

Alhaji Lawal ne da bakinsa ya ce ya gaji da sallamar da 'yan haya ke yi masa kan famfo da kwata. Sai ya sa Mashkura, 'yar hayarsa da ta karanta kwamfuta, ta tsara wa gidajensa na Durumi manhajar kai ƙorafi ta waya.

Aikin ya yi tsaf. A cikin manhajar, teburin bayanai ɗaya na masu haya, ɗaya na ƙorafi, kowane ƙorafi a ɗaure da sunan mai shi, kuma ba ya tafiya sai da suna. Mashkura ta san kwamfuta, maƙwabtanta ne ba ta sani ba. Damuwar kowa janaretan Alhaji ne, mai ƙara kamar injin niƙa, amma wa zai yarda mai gida ya ga sunansa? Sunan da ke fara bayyana a fom ɗin na Baba Andrew ne, tsohon masinja ɗan Filato da ko babbar waya ba shi da ita. Kowa sai ya bar sunan yadda ya same shi, ya tura.

Kafin a ankara Baba Andrew ya zama fitinannen Durumi. Ya yi ƙorafi da Hausa, ya yi da Turanci, ya yi da Yarbanci. Har ya koka cewa hayaƙin yana wahalar da shi ga tsohon ciki. Alhaji bai ga abin dariya ba. Ya aika masa ya tashi ƙarshen wata.

Ranar da Mashkura ta ga tsohon yana ɗaure tukwanensa, bai ma san laifinsa ba, kunya da haushi suka kama ta. Ta koma ta ƙara tebur na uku a tsakani, yadda ƙorafi ɗaya zai ɗauki sunaye da yawa. Sannan ta bi ƙofa ƙofa tana cewa ko kowa ya sa sunansa na gaskiya, ko ta nuna wa Alhaji wayar da kowane saƙo ya fito. Ƙarya take yi, ba ta da wannan bayanin. Amma matsoraci ba ya bincike, duk suka sa.

Ta kai wa Alhaji ƙorafin janaretan a wayarta. Ya daɗe yana jan sunayen da yatsa yana huci, ya nemi na Baba Andrew ya rasa. Can ya tsaya cak.

"Wannan Indon, a wane ɗaki take?"

"Oga, Hajiyarka ce. Ita ba sai da na tsorata ta ba, karɓe wayar ta yi."

Alhaji ya ajiye wayar a hankali, ya leƙa cikin gida, ya rage murya.

"Je ki ce wa Baba ya kwance kayansa. Ki kuma tambayar min shi, a ina yake ganin ya kamata a mayar da janaretan."