Sule Biyar a Kan Matashi

"A'a, Ya Zara, ba haka ba. Ɗaga katifar tukuna, ki cusa kusurwar ta ƙasa."

Zaratu ta saki zanen gadon ta riƙe ƙugu. Ikon Allah! Mace da jikoki uku, wai yau ita ake koya wa shimfiɗa. Mai koyarwar kuwa ko miƙewa ba ta iya yi sai an tallafe ta. Tana zaune a kujerar katako, ƙafafunta sun kumbura suntum, amma idonta na kan kowace kusurwa ta gadon.

"Maman Jonathan, kwanciya za ki yi ko gwamna ne zai sauka?"

"Ja dai. Ja har ya daina yamutsewa. Yauwa, kin ga?"

Susanna ne sunanta, mutuniyar ƙasar Biu. Shekara ashirin da biyu ta yi tana gyaran ɗakunan baƙi a wani babban otal a cikin Maiduguri, goma sha huɗu daga ciki kuwa a gidan haya ɗaya suke da Zaratu a Moduganari, ƙofa na kallon ƙofa. Da zafin bara ciwon zuciya ya kayar da ita. Bana likita ya ja ɗanta Jonathan gefe ya ce a kai ta gida ta huta, kowa kuma ya gane abin da ake nufi. Jonathan yana koyarwa a Bama, sai Juma'a da yamma yake zuwa. Sauran kwanakin Zaratu ce kunu, ita ce wanka, ita ce shimfiɗa.

Ta kwantar da ita, ta gyara mata matashi. Har ta juya za ta fita, sai Susanna ta kwance bakin zaninta, ta zaro takardar sule biyar, ta ɗora a gefen matashin.

"Na mene ne wannan?"

"Naki ne. Na gyaran gado."

Ran Zaratu ya ɓaci ƙwarai. Ita da suka ci tuwo a kwano ɗaya, ita da Susanna ta riƙe wa hannu ranar haihuwar autarta, yau ita ake biya?

"Wallahi kin ci mutuncina. 'Yar aiki kika mai da ni?"

Ta ɗauki takardar da yatsa biyu ta ajiye a kan tebur, ta fita ko labulen ba ta gyara ba.

Fushi dai bai hana ta aiki ba, Zaratu ba haka take ba. Washegari ta shigo da kunun gyaɗa, ta yi shimfiɗa, ta share ɗaki, amma bakinta gum. Sule biyar kuwa ta koma kan matashi. Zaratu ta mayar da ita tebur. Rana ta uku ma ta tarar da ita a kan matashin, alhali tsakanin gadon da teburin taku huɗu ne. Nan ta juya ta dubi Susanna.

"Ke kika tashi kika ɗauko? Da waɗannan ƙafafun? In kin faɗi fa?"

"To ai ke kika ajiye a inda ba wurinta ba," in ji Susanna, tana numfashi da ƙyar. "A wajen aikinmu, kuɗin da ke kan tebur mantuwa ne, ofis ake kai shi. Na kan matashi shi ne kyauta. Zauna, Ya Zara. Fushin nan naki ya fi ciwon gajiyar da ni."

Zaratu ta zauna a bakin gadon, tana kumbure-kumbure.

"Kin san wa ake ba tukuici a otal? Mai ɗaukar jaka. Mai gadi. Yaran da ke kawo abinci. Su ne a gaban ido. Mu kuwa sai baƙo ya fita muke shiga, kafin ya dawo mun ɓace. Alhaji zai ba mai buɗe masa ƙofar mota naira guda, wadda ta wanke masa banɗaki kuwa bai ma san da ita ba. Ba mugunta ba ce, bai gan ta ba ne. To ranar da na ɗaga bargo na ga sule a kan matashi, na san mutumin nan ya kwanta, ya ji daɗi, ya ce ai wani ne ya gyara wannan. Albashi daban, wannan daban. Ranar har waƙa nake yi a banɗaki."

"Ni ai kina ganina kullum."

"Ina ganinki. Saura ni." Ta shafa zanen gadon da tafin hannu. "Tun da aka haife ni ban taɓa kwanciya a gadon da wani ya gyara mini ba. Ko a asibiti, nas na fita nake saukowa in sake. Sai yanzu. Ashe haka baƙi suke ji! Ki bar ni in yi baƙuntata yadda ya kamata mana."

Zaratu ta kau da kai tana kallon bango. Kunya ta kama ta, tausayi kuma ya cika mata ƙirji.

"To ki bari sai kin warke, ki haɗa ki ba ni gaba ɗaya."

"A'a. Baƙon kirki ba ya jiran ranar tafiya. Wadda ta yi shara Litinin ba lalle ita ce a bakin aiki ranar da zai tafi ba. Wani baƙon kuma, kin sani, tafiyar tana zuwar masa ba shiri."

A waje mai ruwa yana buga garwa, kaji suna tono a gindin darbejiya. Can Zaratu ta miƙe, ta gyara ɗankwalinta, ta sa hannu biyu ta ɗauki takardar, har da ɗan rusunawa, tana yi mata sannu da Barbarci.

"Wushe, wushe. Na gode, Madam. Allah ya ƙara arziki. Akwai abin da za a kawo wa Madam?"

Susanna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka ba ta ruwa. Da ta samu numfashi ta ɗaga yatsa.

"Saura ki sa shi a cefane. Ko ki raba wa jikoki, na san halinki. Abin daɗi za ki saya, ki ci ke kaɗai."

Kwana huɗu Susanna ta ƙara, cikin raha da tsegumin kusurwar gado. Ranar Asabar bayan la'asar, matan cocinsu suna zaune a tabarma suna rera waƙa a hankali, Jonathan na riƙe da hannunta, Zaratu na yi mata fifita, Susanna ta cika. Ko motsi ba ta yi ba. Zaratu ce ta fara lura, ta ajiye mafici ta ce, "Jonathan, sai haƙuri."

Litinin da hantsi motar coci ta ɗauke ta zuwa ƙauyensu. Zaratu ta tsaya a ƙofar gida har motar ta sha kwana. Daga nan ba ta koma ciki ba, ta tsallaka kwata ta nufi shagon Audu mai firji.

"Ya Zara, ya haƙuri? Me za a kawo?"

"Lemun kwalba. Wanda ya fi sanyi, na can ƙasa."

"Baƙi aka yi?"

"Nawa ne."

Audu ya dube ta da mamaki, don shekara da shekaru bai taɓa sayar mata da abin da ya wuce gishiri da ashana ba. Ya buɗe mata, ta ce za ta dawo masa da kwalbar.

Ta zauna a dokin ƙofarta, ta miƙe ƙafafu a inuwa. Kurɓar farko ta hau mata hanci har idonta ya kawo ruwa, ba ta goge ba. Ta riƙe kwalbar da hannu biyu tana sha kaɗan-kaɗan, sanyin na ɗiga a kan zaninta, har ta shanye tas, ba ta rage wa kowa ba.